Lambar Kwali da Gaskiyar Inji: Yadda Ake Gwada Sandunan RAM Idan An Ƙure Musu Gudu

Wanda ya je sayen RAM don haɗa kwamfutar tebur yakan tarar da abin ɗaure kai. Ga kwali biyu a gabansa, kowanne ɗauke da tagwayen sanduna masu gigabait 32 jimilla, kowanne DDR5 ne, amma an buga 6000 a jikin ɗaya, an buga 8000 a jikin ɗayan, kuɗinsu kuma da tazara. Hankali zai ce mai 8000 ya ɗara ɗan'uwansa da kashi ɗaya cikin uku. A takarda haka ɗin ne, domin tagwayen 6000 suna iya jigilar gigabait 96 a daƙiƙa guda, na 8000 kuwa 128. Sai dai idan aka soka su a inji labari yakan canza. A kan wata kwamfutar mai 6000 ne ke cin tseren, a kan wata su yi kunnen doki, a kan wata kuma mai 8000 ba zai bar ta ta ko tashi ba.

Kafin a shiga dalili, akwai abin da masu saye da yawa ba su sani ba: wannan lambar ta jikin kwali ita kanta ƙure gudu ce. Ƙungiyar JEDEC, wadda ke Amurka, ita ke tsara ƙa'idar da masana'antun RAM ke bi. Ƙa'idar DDR4 ta fito a 2012 da ƙarfin wuta bolt 1.2, gudunta na hukuma kuma ya tsaya a 3200. Ta DDR5 ta fito a watan Yulin 2020 da bolt 1.1, sandunan farko kuma suka zo da 4800. Idan ka soka sabuwar sanda ka kunna inji ba tare da ka taɓa komai ba, a kan gudun ƙa'ida za ta tashi, ko da an zana 8000 da ruwan zinare a jikinta. Gudun da ka biya kuɗinsa yana rubuce ne a wata 'yar ƙwaya da ke kan sandar, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin inji, ka kira shi da hannunka. Kamfanin Intel ya fito da nasa salon wannan dabara a 2007 da sunan XMP, AMD kuma ya kawo nasa mai suna EXPO a 2022 tare da Ryzen 7000. Dukansu biyu kamfanonin sun ɗauki kunna shi a matsayin fita daga iyakar da suka lamunce wa furosesa. Kwamfutoci nawa ne ke aiki shekara da shekaru da RAM mai tsada a kan gudun talaka, don mai ita bai taɓa shiga BIOS ba? Allah kaɗai ya sani. Kuma wannan tsallen na farko, daga gudun ƙa'ida zuwa na kwali, shi ne mafi girman riba a harkar gaba ɗaya. Duk abin da zai biyo baya kalen bayan girbi ne, ko da yake kalen yana da masoyansa.

Gudu kuma iri biyu ne, sai an raba su ake fahimtar gardamar. A ɗauki mai jan ruwa a rijiya. Girman gugarsa shi ke nuna yawan ruwan da zai fitar a ja ɗaya, tsawon igiya kuma shi ke nuna daɗewar da mai ƙishi zai yi kafin kurɓin farko. Babbar lambar nan, 6000 ko 8000, girman guga ce. Igiyar tana cikin ƙananan lambobin da ake jerawa a gefe, irin su 30-38-38-96, waɗanda kowacce ke ƙirga bugun agogo nawa za a jira kafin wani mataki ya cika. Ta farkon, wadda ake kira CL, ita ce jiran da ke tsakanin neman bayani da fara fitowarsa. Tunda bugun agogo yana gajarta ne gwargwadon ƙaruwar gudu, ba a gwama CL da CL kai tsaye. Ana ninka ta da 2000, a raba da babbar lambar, sai amsa ta fito a nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

Lissafin yana tona asiri. DDR4-3200 mai CL16 yana ba da nanosakan 10. DDR4-3600 mai CL18, shi ma 10. DDR5-6000 mai CL30, 10 ne cif. DDR5-6400 mai CL32, har yanzu 10. Mai 8000 da CL38 ya sauko 9.5 kawai. Guga ta ninka fiye da sau biyu, igiya tana nan inda take. A ɗaya gefen, DDR5-4800 mai CL40 da aka fara sayarwa yana kai 16.7, shi ya sa a ƙarshen 2021, lokacin da Intel ya fito da furosesar da ke karɓar nau'in biyu, tsohuwar DDR4 mai kyau ta riƙa kunyata sabuwar DDR5 a wasanni da dama. Tsohon DDR4-3200 mai CL14 kuwa 8.75 yake bayarwa, kuma a nan ne labarin ƙwayoyi ya shigo.

Sunayen da ke jikin kwali, G.Skill da TeamGroup na Taiwan, Corsair da Kingston na Amurka da sauransu, ba su ne ke ƙera ƙwayoyin da ke ajiye bayanan ba. Kusan duk kasuwar tana hannun kamfanoni uku: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Masu kwali suna sayen ƙwayoyi ne, su yi musu tankaɗe da rairaya, su ware waɗanda suka jure gudu mai yawa su sa musu tsada, su lulluɓe da rigar ƙarfe da fitilu masu walƙiya. Saboda haka sanduna biyu masu suna daban suna iya zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a ƙarƙashin riga. Abin da ya fi ciwo shi ne akasin haka: lambar kaya ɗaya, kwali ɗaya, amma na bara ƙwayar Samsung ce a ciki, na bana ta Micron. Kamfani bai yi ƙarya ba, tunda gudun da ya yi alkawari duka biyun suna kai shi. Amma wanda ke son wuce alkawarin, ya karanta gwajin da aka yi da na bara ya sayi na bana, ya sayi wani abu dabam. Corsair yakan buga lambar siga a jikin sanda, masu harkar kuma sun haddace ta: idan ta fara da 3 Micron ce, 4 Samsung, 5 Hynix.

A zamanin DDR4 babu ƙwayar da ta yi suna kamar B-die ta Samsung. Abin da ya bambanta ta shi ne tana jin wuta: ƙara mata bolt kaɗan, sai ta yarda a matse mata lambobin jira, har da ta biyun nan, tRCD, wadda a yawancin ƙwayoyi ba ta sauka komai wutar da aka ba su. Shi ya sa masana ke gane ta daga kwali. Idan an ga 3600 da 16-16-16, kusan ko shakka babu ita ce. Idan an ga 3600 da 16-19-19, galibi ƙwayar Hynix ce. CL ɗinsu ɗaya, mai talla zai rubuta CL16 a kan dukansu, amma ba tsara ba ne. Rev. E ta Micron ta yi nata sunan a wajen hawa gudu mai nisa da arha, ko da lambobinta na ciki a sake suke. Da DDR5 ta zo sai sarauta ta koma gidan Hynix, inda M-die da A-die suka zama abin nema, A-die ɗin ce kuma ke cikin yawancin sandunan gigabait 16 masu 7200 zuwa sama. A nan akwai abin da ya kamata mai ƙaramin aljihu ya sani. Tagwayen 6000 masu CL30 yawanci daga gidan Hynix suke, dangin na 7200. Wanda ya iya BIOS yana iya sayen mai arhar ya matse shi da kansa, abin da ya rasa kawai shi ne tabbacin da rairayar kamfani ke bayarwa.

Duk wannan ɓangaren sanda ne. Amma sanda ba ta gudu ita kaɗai, kuma a ganina nan ne yawancin kwatancen da ake bugawa ke ɓatar da mutane. Sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa, kuma shi ke da magana ta ƙarshe.

A gidan AMD, Ryzen 3000 da 5000 suna da wata hanyar sadarwa ta ciki mai suna Infinity Fabric, wadda ta fi son ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da agogon RAM. Yawancinsu suna kai megahaz 1800 lafiya lau, wanda ya yi daidai da DDR4-3600, masu sa'a su kai 1900, wato 3800. Da an wuce nan sai daidaiton ya karye, jinkiri ya yi tsalle sama, mutum ya ga RAM ɗinsa mai 4400 ta kasa kamo mai 3600. Da Ryzen 7000 ya zo, AMD da bakinsa ya ce 6000 ne wurin da ya fi dacewa, domin daga wajen 6200 ko 6400 zuwa sama sashen sarrafawar yakan koma rabin gudun RAM. Sai an haura kusan 8000 kafin a fara maido da abin da aka yi asara. Akwai ma wani ƙarin shinge: a furosesar da ke da ƙwayar lissafi guda ɗaya, irin 7600 ko 7700X, hanyar da ke kawo mata bayanai tana ɗaukar bait 32 ne a kowane bugu, wanda a megahaz 2000 ya kama gigabait 64 a daƙiƙa. RAM mai iya 96 ta riga ta fi ƙarfin ƙofar. Ƙara mata zuwa 128 kamar faɗaɗa titi ne alhali gadar da ke gaba mota ɗaya take ɗauka.

Intel yana da nasa tsarin na giya, wanda ya shigo da shi a 2021: a giya ta ɗaya sashen sarrafawa da RAM gudunsu ɗaya, a ta biyu rabi. DDR5 ba ta amfani da giya ta ɗaya a wurinsa, don haka babu wani daidaiton da ake tsoron karyawa, ƙarin gudu yakan zama ƙarin aiki har inda furosesar ta gaji. Inda za ta gaji kuwa sa'a ce. Furosesa biyu masu lamba ɗaya, daga kwali ɗaya, wata ta riƙe 8000, wata ta tsaya a 7200. Mai gwajin da ya nuna maka jadawali da 8000 a samansa ya gwada furosesarsa ne tare da RAM ɗin, kai kuma ba ita za a sayar maka ba.

Babban allo, wanda ake soka furosesa da sandunan a jikinsa, shi ma yana da ta cewa. Allon da ke da ramuka biyu kacal ya fi mai huɗu kai gudu nesa, domin ramin da aka bari wayam yana dagula siginar da ke wucewa, shi ya sa allunan da aka ƙera musamman don wannan harka, irin Apex na ASUS, ramuka biyu gare su. A allo mai huɗu, tagwaye suna shiga rami na biyu da na huɗu ne daga gefen furosesa. Cika huɗun duka da DDR5 kuwa neman rigima ne: AMD ya lamunce 5200 ga sanduna biyu a Ryzen 7000, amma ga huɗu 3600 kawai ya lamunce. Haɗa kwali biyu daban, ko da lambarsu ɗaya, caca ce, tunda ba a taɓa gwada su tare ba.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni sha'awa, wanda kuma ba a rubuta shi a kwali ko kaɗan. Kowane ɗigon bayani a RAM yana zaune ne a matsayin 'yar wuta cikin kafasita ɗaya da tiransista ɗaya ke tsaro, tsarin da Robert Dennard na IBM ya ƙirƙiro a 1966. Kafasitar nan randa ce mai yoyo. Idan ba a dawo an cika ta a kan kari ba, bayanin ya tsiyaye. Don haka a kai a kai RAM takan dakatar da aiki ta bi randunanta ta cika. Lambobi biyu ke kula da wannan: tREFI, tazarar da ke tsakanin cikawa da cikawa, da tRFC, tsawon lokacin da cikawar ke ci. A ƙa'idar DDR4, ana cikawa duk bayan nanosakan 7800, kuma ƙwaya mai gigabit 8 tana cin 350 a kowane zagaye. Wato kusan kashi huɗu da rabi cikin ɗari na lokacinta ƙofa a rufe take. B-die mai kyau ana iya sauko mata da tRFC zuwa wajen 160. Inda allo ya ba da dama kuma, masu matsa sukan ɗaga tREFI zuwa bugu 65535, wanda a DDR4-3600 ya haura nanosakan 36,000. Lokacin rufe ƙofa ya koma ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan riba ce da ta kan zarce ta sauke CL da maki biyu, ga shi XMP da EXPO galibi suna barin waɗannan ƙananan lambobi a hannun allo, shi kuma ya zaɓi masu sako-sako don zaman lafiya. Saboda haka tagwayen 6000 da aka zauna aka gyara musu lambobin ciki suna iya wuce na 7200 da aka danna XMP aka tashi.

Amma yoyon randa yana ƙaruwa da zafi. Ƙa'idar JEDEC da kanta ta ce idan ƙwaya ta haura digiri 85 a ninka yawan cikawa, ita kuma an tsara ta ne da rata mai yawa. Wanda ya cinye ratar ya rage wa kansa wurin juyawa, kuma an san B-die da aka matse tana fara kuskure tun daga wajen digiri 50. Wannan ya shafi mai karatu a Sakkwato ko Maraɗi kai tsaye. Gwajin da aka yi a ɗaki mai sanyin digiri 22, a kan allo tsirara da fanka na hura sandunan, ba shi ne zai faɗi abin da zai faru a cikin rufaffen akwati a watan Afrilu ba, ga katin hoto yana feso iska mai zafi daidai kan RAM. Saitin da ya wuce gwaji da hunturu yana iya fara tuntuɓe da bazara ba tare da an taɓa komai ba. Sandunan DDR5 suna da ma'aunin zafi a jikinsu, manhaja irin HWiNFO tana karanta shi, kuma ƙaramar fanka guda a kansu takan yi aikin da ƙarin bolt ba zai yi ba.

Batun bolt ma ba wasa ba ne. A watan Afrilun 2023 an samu furosesar Ryzen 7000, musamman masu laƙabin X3D, da suka ƙone har da ramin da suke zaune, aka kuma gano cewa wasu alluna suna ɗaga wutar sashen da ke ɗauke da mai sarrafa RAM fiye da kima idan an kunna EXPO. AMD ya fitar da gyaran BIOS da ya kafa iyaka a bolt 1.3. Sandunan ba su yi komai ba, furosesa ce ta biya.

Kuskuren RAM kuwa munafuki ne. Furosesar da aka ƙure takan faɗi a fili, allon kallo ya yi shuɗi, ka san inda ka tsaya. RAM tana iya juya ɗigo ɗaya cikin biliyoyi ta yi shiru, a rubuta gurɓataccen bayanin a faifai, sai bayan wata biyu wani fayil ya ƙi buɗuwa ko Windows ta fara hauka. DDR5 tana da gyaran kuskure a cikin kowace ƙwaya, amma ba ya kare bayanin da ya riga ya fito yana kan hanya zuwa furosesa. Shi ya sa duk kwatancen da bai faɗi yadda aka tabbatar da tsayuwar saiti ba ba na ba shi muhimmanci. Kayan gwajin sanannu ne: MemTest86, TestMem5, Karhu, OCCT, da y-cruncher wadda Alexander Yee ya rubuta don lissafin lambar Pi, ta kuma zama bulalar da ke fallasa sashen sarrafawa mai rauni. Sa'o'i ake yi, ba mintuna ba, kuma da manhaja fiye da ɗaya, domin abin da wannan ta tsallake waccan takan kama. Kwamfuta ta tashi har an ɗauki hoton maki, wannan ba shaida ba ce.

Sai tambayar da ta fi kowacce: da wane aiki aka gwada? Manhajar AIDA64 tana nuna faɗin hanya da jinkiri, kuma a cikinta kowane ƙarin gudu yana fitowa ɓaro-ɓaro, shi ya sa masu talla ke son ta. Ayyukan gaske sun rarrabu. Matse fayiloli da 7-Zip da manyan lissafai suna jin bambancin. Tsohuwar Cinebench kusan ba ruwanta. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, wadda sashen hotonta ke cin abinci a kwano ɗaya da furosesa, ita ce ta fi kowa morar faɗin hanya. A wasanni, mai gwaji yakan sa katin hoto mafi ƙarfi ya kuma rage ingancin hoto zuwa 1080p ko ƙasa, don nauyin ya koma kan furosesa. Dabarar daidai ce wajen fito da bambanci, amma wanda ke wasa a 4K ko da matsakaicin kati, katin ne ke riƙe shi, ba zai ga abin da jadawalin ya nuna ba. Inda RAM mai kyau ta fi bayyana ma ba a matsakaicin adadin hotuna a daƙiƙa ba ne, a lokutan da wasa ke ɗan sarƙewa ne, abin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin ɗari mafi ƙasa. Furosesa masu X3D kuma, tun daga 5800X3D na 2022 mai ma'ajiyar kusa ta megabait 96, ba sa yawan zuwa rijiya tunda randarsu na cikin ɗaki. A kansu tazarar RAM mai tsada da mai arha takan tsuke sosai.

Idan aboki ya tambaye ni, ga abin da nake ce masa. A Ryzen mai DDR5, sanduna biyu na 6000 masu CL30, ya kunna EXPO, ya gwada dare guda, ya manta da su. Rarar kuɗin ya ƙara a katin hoto ko a yawan gigabait, domin RAM da ta cika ta fara zuba kaya a faifai ta fi kowace RAM nawa. A Intel akwai dalilin hawa sama, in dai allon ya cancanta. Wanda kuma yake jin daɗin zama yana sauke lamba ɗaya-ɗaya, inji ya ƙi tashi, ya cire batirin allo ya maido da BIOS ya sake, wannan sha'awa ce kamar kiwon tattabaru, ba a tambayar mai ita riba.

Masana'antar ita ma ta lura cewa siginar agogo ce ke fara gajiya a babban gudu. A 2024 aka fito da sanduna masu suna CUDIMM, waɗanda ke ɗauke da 'yar ƙwayar da ke sabunta bugun agogo a kan sandar kanta, kuma furosesar Core Ultra 200S ta Intel ce ta fara cin moriyarsu. Da irinsu ne 'yan gasa suka haura 12,000. Yadda suke yi shi ne sanda ɗaya tak, lambobin jira a sake har ƙarshe, yawancin sassan furosesa a kashe, ana tuttula ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, injin kuma ya tsaya da ƙafarsa daidai lokacin da za a adana shaidar lambar.